Baba Talatu da Ƙwayar Karatu

Duk wanda ya taɓa cin abinci a gidan Alhaji Aƙilu da ke Nassarawa GRA, girkin Baba Talatu ya ci, ko ya sani ko bai sani ba. 'Yar gajeriyar mace ce mai sanyin murya, ba ta cika ɗaga kai ta dubi mutum ba. Daga wani ƙauye na ƙasar Ringim ta zo Kano, bayan ta fita takabar mijinta, da yaro goye a bayanta da ƙullin kaya a ka. Cin rani ta zo yi, a cewarta, kafin ruwa ya sauka ta koma. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo bayanta, Talatu tana nan a kicin ɗin Hajiya Luba, matar gidan, har furfura ta fito mata, yaran gida suka laƙaba mata Baba.

Da farko shirun unguwar ne ya fi damun ta. Babu ƙarar daka, babu kukan akuya, babu maƙwabciyar da za ta leƙo ta katanga ta nemi aron rariya. Manyan katangu ne kawai da itatuwan maɗaci da darbejiya, sai gurnanin janareto in an ɗauke wuta. Aka ba ta ɗaki a ɓangaren ma'aikata, can ƙarshen gidan kusa da bishiyar mangwaro. A nan ta raini ɗanta Jamilu.

Jamilu ɗan fari ne, kuma bayansa ba ta sake haihuwa ba. Irin matan da ne Talatu wajen alkunya, don haka ba ta kiran sunansa. "Kai" take ce masa, in kuma za ta yi maganarsa da wani sai ta ce "yaron nan". Ba ta yaba shi a gaban mutane, ba ta ɗora shi a cinya. Duk abin da ke ranta game da shi, a kwano take zuba masa. Shi ma ya gane hakan tun yana ƙarami. Yakan dawo daga makaranta ya kife tsohon turmi a bakin ƙofar kicin ya zauna, yana kankare ƙanzo yana ba ta labari. Ya iya kwaikwayon mutane, daga malamin lissafinsu har maigadin gidan in yana faɗa da masu tallan ruwa. Talatu takan juya masa baya kamar aikinta kawai take yi, amma kafaɗunta suna rawa don dariya. Ga shi da ci, ga nauyin barci. Sai ta yayyafa masa ruwa kafin ya tashi sallar asuba.

Sa'ansa a gidan shi ne Anas, autan Hajiya. Tare suka yi rarrafe, tare aka sa su makaranta, domin Alhaji ya ɗauki nauyin karatun Jamilu tun daga firamare. Sai dai Anas yaro ne da ba ya iya zama wuri ɗaya. Ana yi masa magana hankalinsa yana wani wuri, ya fara wannan ya saki ya kama wancan, kullum malamai cikin kawo ƙara. An yi faɗa, an yi lallashi, an yi rubutun sha. Daga ƙarshe aka kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, aka yi ta gwaje-gwaje, likitan ya ce ba rashin ji ba ne, lalura ce, ya rubuta masa wata 'yar ƙaramar ƙwaya da zai riƙa sha da safe.

Hajiya tana fita aiki da sassafe, saboda haka a hannun Talatu maganin ya zauna. Ita ta fara ganin amfaninsa: Anas ya natsu, yana zama ya gama aikin makaranta, malamai suka koma yabo. Ita ce kuma ta fara ganin abin da yake ɗaukewa. Abincin rana yakan dawo yadda aka zuba shi. Leɓen yaron ya bushe, ya yi ta shan ruwa, da yamma ya zama mai saurin fushi, barci kuma sai an sha fama. Sai ta yi dabara. Da safe, kafin ya haɗiyi ƙwayar, takan cika masa ciki da kunun gyaɗa mai kauri da ƙosai da ƙwai. Da la'asar sakaliya, lokacin da maganin ya fara sakin sa, sai ta tare shi da ɗan wake mai zafi. Duk bayan wani lokaci Hajiya ta mayar da shi asibiti, a auna nauyinsa da bugun zuciyarsa, a rage ko a ƙara. A haka Anas ya girma lafiya. Talatu ta ɗauki ƙwayar a matsayin abin alheri mai buƙatar sa ido.

Shekarar da yaran biyu suka samu jami'a a nan cikin Kano, Talatu ta yi waina ta raba wa masu gadi da direbobin layin gaba ɗaya, ba ta faɗa wa kowa dalili ba. Jamilu karatun injiniyan lantarki ya samu. Burinta a kansa ba mai yawa ba ne. Tana son wata rana ya kama musu ɗan gida a unguwar Gama ko Badawa, mai tsakar gida ko yaya ƙanƙantarta, inda za ta ɗora 'yar ƙaramar tukunya ta girka abin da ranta yake so, ta ji hayaniyar maƙwabta ta katanga. In ta je Kasuwar 'Yankaba sayen kayan miya, takan leƙa lunguna ta tagar a-daidaita-sahu tana zaɓen gida a zuciyarta.

A shekararsa ta uku karatu ya yi wa Jamilu nauyi, ya faɗi wasu darussa. Da Alhaji ya ji, bai yi faɗa ba. Ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "To, a ƙara ƙoƙari." Da zagin sa aka yi da ya fi masa sauƙi. Ya dawo ɗaki ya kwanta ya juya fuska bango, ranar ko turmin bakin kicin bai kalla ba.

Zangon da ya biyo baya sakamakonsa ya yi kyau ƙwarai, har Alhaji ya kira shi falo ya sa masa albarka. Kowa ya yi murna. Talatu ma ta yi, amma murnarta ba ta daɗe ba, domin kwanon Jamilu ya fara dawowa da abinci.

Wata ranar Asabar ta yi masa dambun shinkafa da zogale, wanda a da sai ta ɓoye na maigadi don kada ya haɗa da shi. Ta kai masa har ƙofar ɗaki. Yana zaune cikin takardu, ƙafarsa ɗaya tana ta kaɗawa, ga robobin ruwa babu komai a ciki zube a gefe.

"Kai, ga abinci."

"Na ƙoshi, Inna."

"Me ka ci?"

"Na ce na ƙoshi. Don Allah a bar ni in yi abin da ke gabana."

Bai taɓa yi mata magana da irin wannan murya ba. Ta tsaya riƙe da kwanon tana kallon sa ta gefen ido. Wuyansa ya zame, leɓensa ya bushe har ya tsage, yana ta lasar sa. Kwanakin nan in ta fito alwalar asuba takan tarar da fitilarsa a kunne, shi kuma a zaune yadda ta bar shi. Wani lokaci ya yi ta zuba magana da sauri kan abubuwan da ba ta fahimta, wani lokaci ya yini bai ce uffan ba. Ta san waɗannan alamu. Ta yi shekaru tana ganin ƙananansu a jikin wani yaron.

Kunya ba ta bar ta ta tambaye shi ba. Anas ta nema. Ta same shi da hantsi a gindin mangwaro yana goge takalmansa, ta tsuguna nesa kaɗan kamar mai tsince ganye.

"Anas, tambayar ka zan yi, ka gaya mini tsakaninka da Allah. Maganin nan naka, kana ba yaron nan?"

Anas ya ajiye burushin.

"Na taɓa ba shi, Baba. Bara, lokacin jarrabawa. Ya ce barci ke hana shi karatu, in ba shi ya gwada. Na ba shi kaɗan. Da na ga ya dawo yana nema na hana shi, har muka yi kwanaki ba ma magana."

"To yanzu a ina yake samu?"

"A makaranta. Akwai masu sayarwa a ɓoye, ƙwayar karatu ɗalibai suke ce mata. Wata ma ba wanda ya san abin da ke cikinta."

"Amma ai magani ne," in ji Talatu, kamar mai roƙon ya gaskata ta. "Ni da hannuna na riƙa ba ka."

"Ni likita ya duba ni ya rubuta mini, Baba, har gobe kuma yana duba ni. Shi ba wanda ya duba shi. Kuma yadda na ji, ba ɗaya yake sha ba."

Da yammar ranar Talatu ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta shiga ɗakin ɗanta ta zauna a bakin katifarsa. Jamilu ya dube ta da mamaki. Ba ta yi doguwar magana ba, ta ce ta san abin da yake sha, kuma tana so ya bari.

Bai musa ba. Ya sa hannu biyu ya dafe kansa.

"Inna, in ban sha ba kaina kamar an cika shi da yashi. In karanta layi ɗaya sau goma bai shiga ba. Saura kaɗan in gama. Mutumin nan tun ina yaro yake ɗawainiya da ni, da wane ido zan dube shi in na sake faɗuwa?"

"Alhaji bai ce ka kashe kanka ba. Ni ma ban ce ba."

"Ki bar ni in wuce jarrabawar nan. Daga ita na daina, na yi miki alkawari."

Ta karɓi alkawarin, don tana son ta karɓa. Ta yi tunanin gaya wa Hajiya, har ta je ƙofar falo ta dawo. Yaya za ta buɗe baki ta ce daga hannun autan gida abin ya faro, a gidan da aka riƙe ta da ɗanta da mutunci? Ta koma ga abin da ta iya. Ta dama kunu mai kauri da safe, ta tare shi da ɗan wake da yamma. Jamilu yakan kurɓa sau ɗaya don ganin idonta, ya ture.

Ana tsakiyar jarrabawa, wata rana wajen azahar, tana suyar kaji, Anas ya shigo kicin ba sallama. Ya miƙa hannu ya kashe mata gas.

"Baba, ɗauko mayafinki. Jamilu na asibiti."

A mota ya ba ta labari. Ana cikin rubutu Jamilu ya miƙe tsaye ya ce masu sa ido suna raɗa a kansa, suna shirya masa sharri. Aka yi ƙoƙarin zaunar da shi, ya fizge ya fita da gudu yana dafe da ƙirji, ya yanke jiki ya faɗi a kan matattakala. Talatu ba ta yi kuka ba. Ta ƙanƙame bakin mayafinta tana salati a hankali har suka isa.

Ta same shi kwance an maƙala masa wayoyi a ƙirji, ana ƙara masa ruwa, idanunsa a buɗe suna yawo a rufin ɗakin. Sai a lokacin ta ga iyakar ramar da ya yi, domin an cire masa riga. Ta matsa kusa, ta ɗora tafin hannunta a goshinsa.

"Jamilu," ta ce. "Jamilu, ni ce."

Idanun suka daina yawo suka sauka a kanta. Hawaye ya gangaro masa ta gefen kunne. Tun ranar sunansa, wannan ne karon farko da sunan ya fito daga bakinta.

Likitar da ke kula da shi, wata mace mai haƙuri, ta zaunar da Talatu da Hajiya ta yi musu bayani. Ta ce ƙwayar tana hana barci da yunwa, tana sa zuciya gudu, kuma wanda ya yi ta sha ba bisa ƙa'ida ba, ga rashin barci na kwanaki, yana iya kaiwa ga jin ana bin sa da sharri. Ta ce an yi sa'a zuciyar ba ta samu babbar illa ba, amma sauran sai a hankali. A nan Anas ya faɗa wa mahaifiyarsa yadda abin ya fara. Hajiya ta juyo ta dubi Talatu.

"Kin sani, Talatu, kika yi shiru?"

"Na sani, Hajiya."

"Shekara nawa muna tare? Ai da kin faɗa mini."

Talatu ta sunkuyar da kai. Hajiya ta kama hannunta ta riƙe.

Da aka sallamo shi, Jamilu ya yi ta barci kamar ba zai tashi ba. Bayan barcin sai shiru ya biyo. Yana cin abinci yanzu, amma ko me aka ba shi ɗaya ne a wurinsa. Yakan zauna a inuwa ya ƙura wa katanga ido, a yi masa magana ya amsa da kalma ɗaya. Alhaji da kansa ya tako har ɓangaren ma'aikata ya ce masa kada ya damu da karatu, lafiya ce gaba. Jamilu ya durƙusa ya yi godiya, bayan fitar Alhaji ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Talatu tana aiki a kicin kunnenta yana bakin ƙofa, ko za ta ji an jawo turmi. Ta yi kewar surutun nan da a da take nuna kamar ya dame ta. Ga ɗanta a gabanta kullum, amma kewarsa take yi kamar wanda ya yi tafiya.

Ya ci gaba da ganin likita, jikinsa ya murmure, kumatunsa suka dawo. Da shekara ta zagayo ya shirya ya koma makaranta. Bai wuce mako ba ya dawo. Ya ce da ya zauna a aji ya buɗe littafi sai ƙirjinsa ya hau bugu, kuma wanda yake sayar masa da ƙwayar yana nan, har ya yi masa murmushi daga nesa. Ya ce ya san kansa, in ya zauna zai koma.

A shekarar Anas ya gama. Aka yi walima a gidan, aka kafa rumfuna a kan ciyawa, Talatu ta kwana biyu tana aikin sinasir da funkaso da miyar taushe. Jamilu ne ya jera kujeru, ya taya raba abinci, ya rungumi Anas ya yi masa murna da zuciya ɗaya. Da baƙi suka watse ya samu mahaifiyarsa tana wanke manyan tukwane.

"Inna, ina so in tafi Dutse wurin Kawu Ɗanladi."

Ɗanladi ƙanen Talatu ne, yana sana'ar haɗa wutar sola a gidaje da shaguna.

"Wani ya yi maka wani abu a nan?"

"Ba wanda ya yi mini komai. Kowa kirki yake yi mini, shi ne ma abin ya yi mini yawa. Ina so in je inda ba wanda ya san ni da littafi."

Ta ci gaba da cuɗa tukunyar har ta yi fes, sannan ta ce, "Allah ya sa hakan ne alheri."

Yau Jamilu yana Dutse. Kawunsa ya ce yana da hannu, masu gidaje suna neman sa da suna. Ya daina ƙwaya, yana barci, yana sallah a kan lokaci. Yakan kira ta ranar Juma'a, su gaisa, ya tambayi Hajiya da Alhaji, ta tambayi aiki, sai maganar ta ƙare su yi shiru kowa riƙe da waya. Maganar makaranta ba ya tayarwa, ita ma ba ta tayarwa. Talatu tana nan a ɗakinta na ƙarshen gida, gwiwoyinta sun fara ciwo, an ɗauko mata mai taya ta aiki.

Bayan ƙaramar sallar da ta wuce ta nemi izinin yini ɗaya, ta shiga mota ta tafi Dutse ba tare da ta sanar da shi ba. Ɗanladi ya yi mata kwatancen inda suke aiki, wani sabon gidan sama a bakin gari. Da ta isa ta hango shi can a kan rufin kwano, ya durƙusa yana ɗaure faifan sola, rana tana dukan bayansa. Wani abokin aikinsa yana miƙo masa kaya daga tsani. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta ji tsoron kada ya firgita ya zame. Ta koma inuwar wani shago ta tsaya, ta kare ido da hannu tana kallon sa. Yana aikinsa a natse, ya auna, ya ɗaure, ya sake dubawa. Ta daɗe a tsaye, ba ta ji ciwon gwiwar ba.

Sai da aka kira azahar ya sauko. Ya gan ta ya tsaya cak, sannan ya ƙaraso da sauri ya durƙusa.

"Inna, yaushe kika zo? Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Hanya ce ta biyo da ni."

Ya san babu hanyar da za ta biyo da ita nan. Ya aro mata kujera, ya sayo mata ruwa mai sanyi, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafafunta. Ya nuna mata gidajen da ya sa wa wuta, wancan mai koren rufi, da wancan na bayan masallaci. Ta bi yatsansa da kallo tana gyaɗa kai. Ya ce ta kwana, ta ce Hajiya tana da baƙi gobe.

Da la'asar ya raka ta tasha, ya sama mata wurin zama kusa da taga. Ya tsaya a wajen har motar ta cika. Tun daga Kano ta taho da maganganu a ranta, ta yi ta jera su a hanya, amma ba ta faɗi ko ɗaya ba. Da direba ya tayar da mota ta leƙo ta ce ya riƙa sa hula saboda rana. Ya ce to. Motar ta hau titi, ta juya tana kallon sa ta gilashin baya har wata babbar mota ta shiga tsakaninsu.